Me ya sa sai ɗan Saudiyya ya nemi izinin gwamnati kafin ya auri baƙuwa?

A Kano ko Maradi, idan waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, aka ambaci sadaki a gaban shaidu, aka shafa fatiha, to aure ya ɗauru. Abin da ya rage sai biki da kai amarya.

A Jidda ma rukunan ke nan, domin shari'ar ɗaya ce. Amma idan ɗaya daga cikin masu niyyar auren ɗan Saudiyya ne, ɗayan kuma ba shi da takardar zama ɗan ƙasa, akwai matakin da ke gaban duk waɗannan: sai an sami rubutaccen izini daga hukuma, a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida.

Idan aka ɗaura ba tare da izinin ba, malamai na iya cewa auren ya inganta a addini. Sai dai kotu ba za ta rubuta shi ba, ofishin jakadanci ba zai ba matar bizar shiga a matsayin matar ɗan ƙasa ba, sunanta kuma ba zai shiga kundin iyalin mijin ba.

Ƙasashe da dama suna da ƙa'idoji a kan ɗan ƙasar da ke son kawo matarsa ko mijinta daga waje. A Birtaniya, tun watan Afrilun 2024 sai mutum ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara, maimakon fam 18,600 da aka ƙayyade a 2012. A Denmark, tun 2002 ƙa'idar ita ce sai miji da mata sun kai shekara 24. Amma waɗannan ƙasashe ba su hana mutum ɗaura aurensa ba. A bakin iyaka suke tsayawa su yi tambaya. Saudiyya kuwa tun kafin a tara jama'ar ɗaurin aure take yin tata tambayar.

Lamarin ba ƙarami ba ne a ƙasar da ƙidayar 2022 ta nuna cewa daga cikin mutum miliyan 32.2 da ke zaune a cikinta, miliyan 13.4 baƙi ne. Ya fi zafi kuma a Jidda da Makka da Madina, inda kalmar "baƙo" kan hau kan mutumin da aka haife shi a nan, aka haifi mahaifinsa a nan, bai kuma taɓa ganin wata ƙasa ba.

Wane ne baƙo a Jidda?

Hausawa sun daɗe a Hijaz. Kafin zuwan jirgin sama, alhazai kan bar ƙasar Hausa a ƙafa ko a kan dabbobi, su ratsa Barno da Wadai da Darfur, suna tafiya suna yada zango suna noma ko ƙwadago, har su isa Suwakin a bakin Bahar Maliya su tsallaka zuwa Jidda. Tafiyar kan ɗauki shekaru, wasu ma a hanya suke hayayyafa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, jama'a masu yawa sun yi hijira gabas. Wasu sun tsaya a Sudan, a garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, wasu suka wuce har Makka.

Lokacin da Sarki Abdul'aziz ya karɓi Jidda a ƙarshen 1925, ya tarar da waɗannan mutane a can. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1954, wadda har yau ita ce ginshiƙi, ta ja layi da kwanan wata: wanda yake zaune a ƙasar a 1914, ya ci gaba da zama har 1926, bai kuma ɗauki takardar wata ƙasa ba, ɗan Saudiyya ne. Ta wannan ƙofa da kuma ta ba da takardar zama ɗan ƙasa daga baya ne aka sami iyalan da ke amsa sunan Hausawi da Fallata da Barnawi. A tawagar ƙwallon ƙafar da Saudiyya ta kai gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018 akwai 'yan wasa uku masu sunan Hausawi, wato Usama da Umar da Mu'utaz, Usama kuma shi ne kyaftin.

Amma kwararar jama'a ba ta tsaya a 1926 ba. An ci gaba da zuwa, da farko ta ƙasa, daga baya ta jirgin sama, wasu da bizar aiki, wasu da ta Hajji ko Umara suka ƙi komawa. Su ne ake kira 'yan Takari. Sun cika unguwanni irin su Karantina da Gulel da Sabil da Hindawiyya a kudancin Jidda da tsakiyarta. A dokar Saudiyya haihuwa a ƙasar ita kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa, jinin uba ake bi. Saboda haka jikokin waɗanda suka zo a baya-baya suna nan a matsayin 'yan Najeriya ko Nijar ko Chadi, wasu da igama, wato katin izinin zama, wasu ko ita babu.

A ɗauki misalin wa da ƙani. Wan ya iso Makka kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙanin ya biyo sahunsa bayan shekara talatin. Jikokinsu sun tashi a lungu ɗaya, suna jin Hausa da Larabcin Hijaz iri ɗaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya ranar Salla. Idan dattawa suka ga dacewar haɗa su auren zumunci, abin da Bahaushe ke ɗauka tuwona maina, a idon hukuma ɗan ƙasa ne zai auri baƙuwa, kuma sai an bi duk matakan da za a bi da a ce daga wata nahiya aka ɗauko ta.

Dokar ta ɗan sassauta a nan. Ta ware matsayi na musamman ga macen da aka haifa a Saudiyya, ko da iyayenta duka baƙi ne, muddin tana da igama mai rai da takardar haihuwa daga rajistar ƙasar. Haka ma 'ya'yan da mahaifiyarsu 'yar Saudiyya ce. Sai dai waɗannan takardu biyu su ne ainihin abin da yawancin 'ya'yan Takari ba su da shi, domin wadda aka haifa a ɗaki, ga uwar da ke ɓuyar jami'an tsaro, babu wanda ya je ya rubuta haihuwarta.

Waɗanda aka rufe wa ƙofa

Tushen tsarin shi ne wani ƙuduri da Majalisar Ministoci ta zartar a shekarar 1393 ta Hijira, daidai da 1973, lokacin da kuɗin man fetur suka fara kwarara, 'yan ƙasar kuma suka fara fita waje karatu da kasuwanci da yawa. A 2002 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta fitar da ƙa'idojin da suka fayyace yadda ake aiki da shi.

Abu na farko da ƙa'idojin suka yi shi ne ware mutanen da tun asali ba a yarda su auri baƙi ba. A cikinsu akwai ministoci da manyan jami'an gwamnati, da alƙalai, da ma'aikatan fadar sarki, da 'yan Majalisar Shura, da jami'an diflomasiyya, da sojoji da 'yan sanda da jami'an leƙen asiri, da ma'aikatan kwastan, da shugabannin manyan kamfanonin hannun jari. Har fararen hular da ke aiki a ma'aikatun tsaro da cikin gida suna ciki. Akwai kuma ɗaliban da ke karatu a ƙasashen waje, ko gwamnati ce ta tura su ko da kuɗinsu suka tafi, duk da cewa su ne suka fi kowa yiwuwar haɗuwa da wadda za su so a can.

Wannan jeri ya shafi iyalan Hausawi kai tsaye, domin aikin soja da na 'yan sanda na daga cikin ayyukan da samarinsu ke shiga. Saurayin da ya sa kaki ya san cewa 'yar kawunsa mai fasfon Najeriya ta fita daga sahun waɗanda zai nema cikin sauƙi.

'Yan ƙasashen Majalisar Haɗin Kan Yankin Gulf, wato Kuwait da Bahrain da Qatar da Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ba a ɗauke su baƙi ta wannan fuska ba. Aure da su ba ya buƙatar wannan doguwar hanya.

Shekaru, albashi da matar gida

Ga wanda ba ya cikin jerin da aka hana, sharuɗɗan sun sha sauyawa, kuma yawanci ta bakin jaridun ƙasar ake jin sababbin.

A watan Agustan 2014 jaridar Makkah ta ruwaito shugaban 'yan sandan Makka, Assaf al-Qurashi, yana cewa an hana maza 'yan Saudiyya auren mata daga ƙasashe huɗu: Pakistan da Bangladesh da Myanmar da Chadi. Najeriya da Nijar ba sa cikin jerin, amma labarin ya girgiza unguwannin baƙaƙen fata na Makka da Jidda, inda 'yan Chadi ke cuɗe da Hausawa da Barebari ta hanyar maƙwabtaka da auratayya. A bayanin nasa ya ce dole mai nema ya haura shekara 25, ya kawo takardun shaida da sa hannun umda, wato mai unguwa, wanda ya saki mata kuma sai ya jira wata shida. Labarin ya sake yaɗuwa a 2021 kamar sabo, musamman a kafofin Pakistan da Indiya.

A watan Oktoban 2016 aka ruwaito wasu sharuɗɗa da suka fi tsauri. Namiji sai yana tsakanin shekara 40 zuwa 65, yana samun aƙalla riyal 3,000 a wata, yana kuma da muhallin da ya dace. Matar da zai aura kada ta gaza shekara 25, tazarar da ke tsakaninsu kuma kada ta wuce shekara 30. Zai sa hannu a kan takardar da ke cewa ya fahimci amincewa da auren ba ya nufin za a ba matar zama 'yar ƙasa. An sake taɓa wasu daga cikin waɗannan alƙaluma a 2018, abin da ake nema kuma yakan bambanta tsakanin macen da aka haifa a Saudiyya, da wadda ke zaune da igama, da wadda za a ɗauko daga waje.

Sharaɗin da ya fi ba Bahaushe mamaki shi ne na mai mata. A ƙasar da shari'a ta halatta mata huɗu, wanda ke da mata 'yar Saudiyya ba ya ƙara aure da baƙuwa sai ya kawo rahoton asibiti da ke nuna uwargidan ba ta haihuwa, ko tana da lalurar da ta hana ta sauke haƙƙin aure. Idan 'yar ƙasa zai ƙaro, babu mai tambayarsa wannan takarda. Daga nan ake gane cewa dokar ba a kan yawan mata take magana ba, a kan wadda za ta shigo cikin al'umma take.

Akwai kuma gwajin lafiya. Tun 2004 ya zama dole ga masu niyyar aure a Saudiyya su yi gwajin sikila da wata cutar jini ta gado mai suna talasimiya, a 2008 kuma aka ƙara da ƙanjamau da ciwon hanta. Wannan ba sabon abu ba ne ga mutanen Kano da Jigawa, inda gwajin kafin aure ya zama doka, kuma ga iyalan da suka fito daga yankin da sikila ta yi yawa, suke kuma auren dangi, wataƙila shi ne sharaɗin da amfaninsa ya fi fitowa fili.

Daga Jidda zuwa Kano

Jidda tana ƙarƙashin yankin Makka, wanda Yarima Khalid al-Faisal ke gwamnansa. Mazaunin birnin da ke son auro mata daga Najeriya yakan fara ne da miƙa buƙatarsa ga ofishin gwamnan, yanzu ta intanet. Daga nan a binciki shekarunsa da aikinsa da tarihin aurensa da ko an taɓa kama shi da laifi, a kira shi a yi masa tambayoyi, sannan takardar ta wuce sama. Idan an amince, sai a sanar da Ma'aikatar Harkokin Waje, ita kuma ta sanar da ofishin jakadancin Saudiyya da ke Abuja ko ƙaramin ofishin da ke Kano. Bayan haka ne za a ɗaura auren, a tantance takardarsa, matar ta yi gwajin lafiya, a buga mata biza. Idan ta sauka sai a fitar mata da igama mai ɗauke da bayanin cewa matar ɗan ƙasa ce, a kuma shigar da auren a rajistar iyali.

Izinin yana da wa'adi, kuma ga ƙasar da aka ambata a cikinsa kawai yake aiki. Jerin gwanon matakan ne muhimmi: izini tukuna, sannan fatiha. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a juya su, a ɗaura a masallacin unguwa a Kano ko a wani gida a Makka lokacin Umara, da tunanin za a gyara takardu daga baya. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta zama izinin zama don kawai an yi aure a tsakiyarta.

Ƙa'idojin sun faɗi abin da ke biyo bayan saɓa musu: ba za a rubuta auren ba, ba za a bar matar ko mijin ya shiga ƙasar ba, idan kuma yana ciki za a kawo ƙarshen zamansa. Ma'aikacin gwamnatin da ya yi haka ana iya gurfanar da shi don ladabtarwa. Akwai hanyar neman a daidaita auren bayan an riga an ɗaura, ita ma ta ofishin gwamna, amma roƙo ne, ba haƙƙi ba.

A kan 'ya'ya ne abin ya fi nauyi. A ƙa'ida, ɗan da ubansa ɗan Saudiyya ne shi ma ɗan Saudiyya ne, a duk inda aka haife shi. Amma sai an tabbatar da nasabarsa a hukumance kafin ya sami lamba a rajista, lambar kuma ita ce mabuɗin makaranta da asibiti da fasfo. Idan uban ya rasu, ko ya juya baya, ko ya ji tsoron fallasa kansa saboda aikinsa, yaron kan zauna yana da ƙasa a doka, ba shi da ita a takarda.

Hukumomi da masu goyon bayan tsarin suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Suna maganar tsaro. Suna maganar tsadar sadaki da hidimar biki a cikin gida, wadda ke tura maza neman aure a waje, a bar 'yan matan ƙasar a gidajen iyayensu. Suna kuma nuni da auren hutu, inda attajiri zai je Masar ko Yaman ko Indonesiya ya auri yarinya daga gidan talakawa, ya yi 'yan makonni ya dawo, ya bar ta da ciki. Matsalar ta kai har akwai ƙungiyar agaji mai suna Awasir, wadda aikinta shi ne kula da iyalan 'yan Saudiyya da aka bari a ƙasashen waje. Sai dai mai yin irin wannan aure da ma ba ya neman izini, ba ya kuma da niyyar kawo matar gida. Wanda dokar ke tsarewa a bakin ƙofa galibi shi ne wanda ya zo da gaskiyarsa.

Bayan an shigo

Samun biza ba shi ne ƙarshen tafiya ba. Igamar matar tana rataye da mijin, shi ne mai sabunta ta ta manhajar Absher. Muddin ana zaman lafiya babu mai tuna wannan. Ranar da aka sami saɓani ake gane nauyinsa. A 2019 jaridun duniya sun ba da labarin wata Ba'amurkiya a Riyadh da igamarta ta mutu bayan rabuwarta da mijinta ɗan Saudiyya, ta kasa taɓa asusun bankinta, ta kuma kasa fita daga ƙasar, har sai da hukumomi suka sa baki. Wannan mai fasfon Amurka ke nan, da manyan jaridu a bayanta.

An yi gyara mai muhimmanci a 2013, lokacin da Majalisar Ministoci ta amince a ba baƙuwar da ta haifa wa ɗan ƙasa 'ya'ya izinin zama ba tare da kafili ba, gwamnati ta ɗauki kuɗin igamar, a kuma ba ta damar yin aiki. Hakan ya ceci zawarawa da matan mamata da yawa daga rabuwa da 'ya'yansu. Amma sharaɗinsa shi ne auren ya kasance wanda hukuma ta amince da shi tun farko. Wadda ba ta haihu ba kuwa, idan auren ya mutu, dalilin zamanta ya mutu tare da shi.

Zama 'yar ƙasa wani tsani ne daban. Sashe na 16 na dokar 1954 ya ba ministan cikin gida ikon ba matar ɗan ƙasa ko matar mamaci takardar, idan ta nema. Ana auna buƙatar da tsarin maki, ana neman 17, ana kuma tara su ne daga shekarun da auren ya yi, da 'ya'yan da aka haifa, da ko an haife ta a ƙasar, da iliminta, da ko tana da dangi 'yan ƙasa. Sannan sai ta ajiye ƙasarta ta asali. Kundin tsarin mulkin Najeriya ya yarda haifaffen ɗan ƙasa ya riƙe ƙasa biyu, Saudiyya ce ba ta yarda ba. Ma'ana, Bakanuwar da ta karɓi fasfon Saudiyya za ta nemi biza kafin ta je gaida mahaifiyarta a Kano.

Idan mace ce 'yar ƙasa

Duk abin da aka faɗa ya fi tsanani idan aka juya hoton. A sharuɗɗan da aka ruwaito a 2016, 'yar Saudiyya sai tana tsakanin shekara 30 zuwa 55 kafin ta auri baƙo. Shi kuma sai yana da igama, da albashin aƙalla riyal 5,000, da fasfo mai rai, ba shi da wata mata, bai taɓa aikin soja a wata ƙasa ba, ba shi da tarihin laifi a ƙasarsa ko a Saudiyya. Wanda ba shi da ƙasa ko kaɗan ba ya cikin lissafi. Yardar waliyyinta kuma tana nan a matsayinta, kamar yadda dokar iyali ta 2022 ta tabbatar.

Auren ba ya mai da mijin ɗan ƙasa. 'Ya'yan ma ƙasar ubansu suke bi. Sashe na 8 ya buɗe musu ƙofa guda: wanda aka haifa a Saudiyya, yake zaune a cikinta, yake jin Larabci sosai, ba shi da tabon laifi, yana iya nema a cikin shekara ɗaya bayan ya kai shekarun girma. Nema ne, ana iya bayarwa ana iya hanawa. A watan Janairun 2023 aka ɗauke ikon yanke wannan hukunci daga hannun ministan cikin gida aka mayar ga firaminista, muƙamin da Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ke riƙe da shi. Tun lokacin da Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata a 2000, ta bayyana cewa ba ta ɗaure kanta da sakin layin da ya ba uwa da uba haƙƙi ɗaya wajen gadar wa 'ya'ya ƙasa ba.

An rage raɗaɗin a ƙarshen 2012, da aka yanke cewa 'ya'yan 'yar ƙasa za a yi musu kamar 'yan ƙasa a makaranta da asibiti, gwamnati za ta biya kuɗin igamarsu, za a kuma ƙirga su cikin 'yan ƙasa a lissafin guraben aiki na kamfanoni. Duk da haka katin da ke aljihunsu na baƙo ne.

Ban da doka akwai bakin mutane. Nawal al-Hausawi, 'yar Makka mai lasisin tuƙin jirgin sama, mai kuma aikin ba iyalai shawara, ta auri wani Bature ɗan Amurka. A 2016 kafofin yaɗa labarai na duniya sun ruwaito irin zagin da ta sha a shafukan sada zumunta, a kan launin fatarta da kuma a kan mijin da ta zaɓa.

Kafin mai karatu a Najeriya ya girgiza kai, yana da kyau ya duba gida. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, bai ba mijin 'yar Najeriya irin wannan dama ba. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin gyara hakan, abin da ya sa mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar a Abuja. Bambancin shi ne 'yar Najeriya tana gadar wa ɗanta ƙasa, kuma babu ofishin da take zuwa neman izinin aure. Nijar ta riga maƙwabciyarta: tun 2014 ta ba mace damar ba mijinta baƙo zama ɗan ƙasa, ta kuma halatta riƙe ƙasa biyu. A yankin Gulf ma an fara motsi, domin a watan Afrilun 2023 Sarkin Oman Haitham bin Tariq ya soke sharaɗin neman izinin hukuma kafin auren baƙi, wanda ƙasarsa ta yi shekara talatin tana aiki da shi.

A Jidda kuwa, darajar takarda ta fito fili a ƙarshen 2021, lokacin da motocin rusau suka shiga tsofaffin unguwannin da hukuma ta ce an gina ba bisa ƙa'ida ba, sun kuma zama maɓoyar masu laifi. Gulel da Petromin na cikin waɗanda aka fara da su, Karantina da Sabil da Hindawiyya ma ba su tsira ba. Ƙungiyar Amnesty International ta ce aikin ya shafi unguwanni fiye da 60 da mutum kimanin rabin miliyan, kusan rabinsu baƙi, kuma tsarin biyan diyyar bai haɗa da baƙi ba. A gidajen da aka yi auren zumunci tsakanin mai katin ɗan ƙasa da mai igama, ko wadda ko igamar ba ta da ita, wanda sunansa ke cikin rajista shi ne ya iya zuwa ofis ya shigar da buƙatar diyya ko ta sabon muhalli. Matar da aka ɗaura aurenta a masallacin unguwa ba tare da izinin hukuma ba, a sahun baƙi lissafin ya same ta, ko da shekara nawa ta yi a ɗakinta.